Na zuba botar gidan burodi a abincin kaji, yanzu hantarsu ta koma rawaya

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen masana, don abin ya hana ni barci. Ina da kaji masu ƙwai 600 a keji can hanyar Dass, watansu goma sha ɗaya. Farkon watan Maris wani mai gidan burodi ya sayar min da bokiti biyar na botar da suke murza fulawa da ita, ya ce ta daɗe a ajiye shi ya sa zai karyar min. Da ma man waken suya da nake ɗan zubawa a haɗi ya yi tsada, sai na ce to ga sauƙi ya zo. Nakan ajiye ta a rana ta saki, in kwaɓa da dusa, sannan yara su juya cikin masara da tunkuza. Sati shida ke nan. Ƙwai ya ragu, wanda ake samu ma ƙanana, sannan cikin kwana 10 na rasa kaji 14. Kuma masu jiki ne ke mutuwa, ba ramammu ba. Babu tari, babu gudawa, da safe kawai a tarar da kaza a kwance zankonta ya koɗe. Jiya na feɗe uku. Hantar ta yi rawaya kamar an shafa mata kurkum, in ka ɗauka sai ta dagargaje a hannu, ga gudan jini a gefenta, ga kitse ya cika ciki. Don Allah botar nan ce ta yi min haka?

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Ni ma gabana ya faɗi, don irin wannan botar ta bokiti nake cincin da kek ɗin biki da ita.

Usman Ɗalibi: Allah ya mayar da alheri Baba. Ita ce mana, babu ko tantama. Duk man da ke daskarewa a kwano haka yake daskarewa a jijiya da hanta. Bota, man shanu, kitse, manja, duk tafiyarsu ɗaya.

Jauro Buba, Toro: Yaro, cire man shanu daga wannan lissafin naka. Kakata da shi ta ci tuwo har ta kusa shekara ɗari, tana tafiya kasuwa da ƙwarya a ka.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Alhaji sannu da wannan rashi, Allah ya ba da ninkinsa. Usman, ka yi gaggawa. Mai ba ya shiga jini da siffar da ka gan shi a kwano. Ruwan maɗaciya ne ke farfasa shi a hanji, sinadaran narkar da abinci su tsinka shi, sannan jiki ya sake ɗaure shi cikin wasu ƴan ƙunshi kafin ya bi jini. Don haka maganar daskarewa a jijiya kamar kakide a tukunya ba haka take ba. Amma akwai magana ta gaske a kan irin wannan bota, bari in yi ta a hankali tunda abin da nake koyarwa ke nan.

Kowane mai sarƙoƙi ne na kabon. Babbar sarƙar da ke cikin man gyaɗa, wadda ake kira asid oleyik, kabon 18 ne a jere, kuma a tsakiyarta akwai gwiwa, wato ta lanƙwashe. Tara itace mai gwiwa ka gani, ba ya shiryuwa. Shi ya sa man gyaɗa yake ruwa. A 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar hura iskar haidirojin cikin mai mai zafi tare da garin ƙarfen nikel don a daskarar da shi. A 1911 kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fito da daskararren man girki mai suna Crisco daga man angurya da wannan dabara. In an kai aikin ƙarshe, sarƙoƙin sukan cika da haidirojin su zama irin na kitse na yau da kullum. Matsalar tana wajen tsayawa a rabi, don a samu mai laushin shafawa. A nan wasu sarƙoƙin ba su cika ba, gwiwar ce kawai ta juya ta miƙe. Shi ne ake kira mai tirans. Oleyik yana narkewa a wajen digiri 13, ɗan'uwansa miƙaƙƙe mai suna ilayidik sai an haura digiri 43. Kabon ɗinsu ɗaya, haidirojin ɗinsu ɗaya, tsayuwar ce ta bambanta.

Baban Sadiq: Allah ya ƙara sani Malam. To ina ruwan hanta da gwiwa ko rashin gwiwa?

Malam Ɗanjuma: Ruwanta babba ne Alhaji, don ita ce ke yanke wa mai hukunci. In sarƙar mai ta iso hanta, ɗaya daga cikin huɗu ne: a ƙona ta a samu ƙarfi, ko a gina bangon ƙwayoyin halitta da ita, ko a ɗaure ta a tura cikin jini zuwa sauran jiki, ko a ajiye ta nan cikin hantar. Ta ƙarshen nan in ta yi yawa ita ce hanta mai kitse.

Wajen ƙonawa, akwai wasu ƴan murhuna a cikin ƙwayar halitta da ake kira mitokondiriya. Suna cire kabon biyu-biyu daga bakin sarƙa har ta ƙare. An gwada da mitokondiriyar ɓera, aka ga ilayidik yana tafiya lafiya zagaye biyu, daga kabon 18 ya sauko 14, sai aikin ya yi nauyi a daidai wurin da gwiwar ta miƙe. Guntun mai kabon 14 ya riƙa taruwa, wani ya zube waje ba a gama ƙona shi ba. Oleyik kuwa ba ya wannan tsaikon haka.

Na biyu, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci ga dabba mai girma ko mai ƙwai. Akwai sarƙoƙin da jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai an ci. Mata da miji ne suka gano haka a Jami'ar Minnesota, George da Mildred Burr, a 1929 da 1930. Sun hana ɓeraye mai gaba ɗaya, sai fatarsu ta yi ɓawo, wutsiya ta lalace, girma ya tsaya. Da aka ba su ɗan man da ke da asid linoleyik sai suka farfaɗo. Wannan linoleyik ɗin yana da yawa a man waken suya, man masara da man gyaɗa. Hanta ce ke ƙara masa tsawo da gwiwoyi ya zama arakidonik, wanda bangon ƙwayoyin halitta ke bukata. To daskararwa tana yin ɓarna biyu a nan. Tun a masana'anta ta cinye yawancin linoleyik ɗin, don shi haidirojin ke fara kamawa. Sannan miƙaƙƙun sarƙoƙin da ta haifar suna tare wa na gaskiyan hanya wajen sinadarin hanta da ke wannan aikin. An sha ganin haka a hantar ɓeraye, musamman idan da ma linoleyik ɗin abincinsu kaɗan ne.

Dakta Rabi: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na tarar da zaure ya cika. Alhaji sannu, Allah ya mayar. Malam, bayaninka daidai ne, amma ina tsoron kada a bar jaki a koma dukan taiki. Abin da Alhaji ya kwatanta na gan shi sau da yawa a gonakin da ba su taɓa ganin botar burodi ba. Ciwon kitsen hanta mai zubar da jini ne na kaji masu ƙwai. Alamunsa ke nan cif: kaza mai ƙiba, a keji ba motsi, tana tsakiyar ƙwai, lokacin zafi, abinci mai ƙarfi fiye da kima. Hanta ta cika da kitse ta yi laushi, ranar da kaza ta yi yunƙurin ƙwai sai ta tsage, jini ya zuba a ciki ta mutu. Yanzu muna Afrilu, kowa ya san yadda Bauchi take da rana tsaka, balle ƙarƙashin kwano.

Kaza ba ɓera ba ce. A jikinta hanta ce ke ƙera kusan duk kitsen da take bukata, kuma daga masara take ƙera shi. Ƙwai ɗaya yana ɗauke da mai wajen giram 5 a gwaiduwa, duk daga hanta ya fito ya bi jini. Wato hantar kaza mai ƙwai kullum a bakin iyakarta take aiki. A Faransa da masara ake ɗura wa agwagi da dinya har hantarsu ta kumbura a sayar da tsada, babu ko ɗigon bota. Alhaji, nawa kake zubawa a buhu, kuma ka rage masara da ka fara?

Baban Sadiq: Gaskiya Likita ban rage masara ba. Man waken suya kamar gwangwanin madara biyu nake sa wa a buhun haɗi. Ita botar da na ga da araha, nakan cika kwanon sha guda, wani lokaci yaran ma su ƙara.

Dakta Rabi: To ka gani. Ka ninka man sau da yawa, masara tana nan yadda take, ga zafi. Ko man gyaɗa mai kyau ka zuba haka, ina tsoron kusan nan za a zo.

Malam Ɗanjuma: Na karɓi gyara Likita, yawan shi ne kan gaba. Sai dai ƙanƙancewar ƙwan fa? Nan nake zargin botar da kanta.

Dakta Rabi: A nan muna tare. Kaza mai ƙwai tana son linoleyik wajen kashi 1 cikin 100 na abincinta, in ya gaza girman ƙwai ne ke fara nunawa. Ya cire man waken suya mai shi da yawa, ya sa wanda ba a san me ke ciki ba. Amma zafi ma yana rage girman ƙwai, don kaza ba ta cin abinci sosai. Sannan akwai abin da zai ƙara wa maganarka nauyi Malam: a jikinmu man da muka ci yakan bi wata hanya ya zaga jiki kafin ya iso hanta, amma a tsuntsu daga hanji kai tsaye yake bin jijiya ya faɗa hanta. Duk abin da ke cikin botar nan, mai kyau da marar kyau, hantar ce ta fara karɓarsa.

Mai Burodi Azare: Jama'a a yi mana adalci. Shekara 19 ina wannan sana'a. Yadda ake maganar nan sai mutum ya ɗauka guba muke sayarwa. Yawancin botar da muke saye yanzu in ka karanta katan ɗin daga kwakwar manja aka yi ta, ita kuma da daskarewarta Allah ya halicce ta. Kuma wanda ya sayar wa Alhaji tsohuwar bota bai kyauta ba, a wajenmu wadda ta canza wari ba ta shiga kwaɓi.

Malam Ɗanjuma: Maganarka gaskiya ce Mai Burodi, ba kowace bota ce mai tirans ba. Manja kusan rabinsa cikakkun sarƙoƙi ne, ana tace shi a raba mai ruwa da mai tauri ba tare da haidirojin ba, kuma masana'antu da yawa sun koma nan. Ido ba ya bambance su, harshe ma haka. Takardar jikin katan ce kawai za ta faɗa. A jerin kayan haɗi, in an rubuta da Turanci cewa an sa wa man haidirojin rabi-rabi, shi ne abin gudu. Damuwata ita ce wadda ake ɗebowa daga babban mazubi a zuba a bokitin fenti ko leda a sayar da awo, babu suna babu kwanan wata.

Maman Ilham: Wallahi irinta nake saye Malam, a leda. Dalili kuwa, cincin ɗin da aka yi da ita yakan yi wata guda yana ƙaras-ƙaras bai canza ba. Na man gyaɗa sati biyu ya fara warin daɗewa, uwar amarya ta kira ki tana faɗa. Ba son zuciya ba ne, kayan gara ne ake kaiwa wani gari.

Malam Ɗanjuma: Na fahimce ki Hajiya, kuma wannan dalilin naki shi ne ya sa masana'antun duniya suka rungume shi kusan shekara ɗari. Sarƙa mai gwiwa da yawa ita iska ke saurin lalatawa, in an kawar da ita kaya sai ya daɗe a kanti. Wato abin da jiki ke nema shi ne abin da ke rage wa cincin kwana. Ki nemi mai katan da rubutu, ko da ƙarin kuɗi kaɗan, ki karanta. Akwai masu daɗewa da ba su da tirans.

Jauro Buba, Toro: Malam har yanzu ba ka wanke man shanu ba. Yaron nan ya haɗa shi da kayan masana'anta.

Usman Ɗalibi: Baba Jauro ka yi haƙuri, amma na karanta cewa man shanu ma yana da tirans. Malam ya faɗa in ƙarya ne.

Malam Ɗanjuma: Ba ƙarya ba ne Usman. Tumbin saniya da na tunkiya da na akuya cike yake da ƙwayoyin bakteriya, kuma aikin da masana'anta ke yi da nikel su ma suna yin irinsa a kan man da ke cikin ciyawa. Wani ya tsallake ba a gama ba ya shiga nono da kitse. Amma dubi bambancin. Na farko yawa: a man shanu ɗan kaɗan ne, kamar kashi 2 zuwa 5 cikin 100, alhali man da aka daskarar rabi-rabi yakan kai kashi 25 zuwa 45. Na biyu iri: wanda ya fi yawa a na saniya sunansa baksenik, miƙewarsa a kabon na 11 take, kuma jiki yana iya mayar da wani sashensa wata sarƙa dabam. Ban ce a sha man shanu da ludayi ba, don cikakkun sarƙoƙinsa suna da yawa, mai hawan kolestarol ya yi hattara. Amma cokalin da ake sa wa a miyar kuka ba shi ne abin da duniya ke yaƙi da shi ba. Man kaɗanya ma da taurinsa yake fitowa, ba a hura masa komai ba.

Jauro Buba, Toro: Madalla. Allah ya yi albarka. Likita, ita saniya hantarta na yin irin wannan kitsen?

Dakta Rabi: Tana yi Baba, amma ta wata hanya. Hantar saniya ba ta ƙera kitse sosai, kuma ba ta da saurin fitar da shi. Saniya mai ƙiba in ta haihu, nono ya zo da yawa, ci ya ragu, sai jiki ya narko kitsen da ya tara ya turo wa hanta fiye da abin da za ta iya. An fi gani a shanun madara na waje da ake tsarewa a ciyar. Naku masu tafiya kiwo ba kasafai ba.

Usman Ɗalibi: Malam to in ɓera dabam, kaza dabam, saniya dabam, me ya sa ake wahalar da ɓeraye? Me gwajinsu ya gaya mana game da mutum?

Malam Ɗanjuma: Tambaya mai kyau, kuma akwai misalin da nake so. A ƙasar Nowe an daɗe ana yin bota da man kifi da aka daskarar. Man kifi yana da dogayen sarƙoƙi masu kabon 20 da 22, waɗanda mitokondiriya ba ta jin daɗin ƙonawa. A shekarun 1970 da 1980 masu bincike a can suka riƙa ciyar da ɓeraye da shi suna duba hanta. Sai suka ga hantar ta buɗe wata hanya. Akwai wasu ƴan jakunkuna a ƙwayar halitta, feroksizom, waɗanda a 1976 Paul Lazarow da Christian de Duve suka nuna cewa su ma suna sare sarƙar mai a hantar ɓera. In ɓera ya yi kwanaki yana cin daskararren man kifi, aikin waɗannan jakunkuna sai ya ƙaru, su riƙa gajarta dogayen sarƙoƙin su miƙa wa mitokondiriya ta ƙarasa. Hanta tana ƙoƙarin kare kanta ke nan. Amma da kuɗinsa, don wannan hanya tana fitar da haidirojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, sai wani sinadari ya bi yana kashe shi.

Hantar mutum ba ta amsa wannan kira da ƙarfi irin na ɓera. Babban ɓeran gwaji ko maɗaciya ba shi da ita, kuma yadda yake ɗaukar kolestarol a jini ya saɓa da namu. Don haka ɓera yana nuna mana ƙofar da za mu leƙa ne kawai. A 2008 a Amurka an haɗa wa ƙananan ɓeraye mai tirans da ruwan zaƙi irin na lemon kwalba, aka rage musu motsi, cikin mako 16 hantarsu ta cika da kitse da kumburi. Ku lura abu uku aka haɗa. Kajin Alhaji ma kusan haka ne, mai da masara da zaman keji.

A kan mutum kuwa, hujjar da ta fi ƙarfi ta zuciya ce. A 1990 Ronald Mensink da Martijn Katan a ƙasar Holan suka ciyar da mutane, suka ga mai tirans yana ɗaga mugun kolestarol kuma yana saukar da mai kyau. Cikakken kitse yakan ɗaga mugun, amma ba ya saukar da mai kyau haka. Kuma hanta ce ke sarrafa duka biyun, ka ga an dawo gida.

Shugaban Zaure: Allah ya saka da alheri Malam da Likita. Tambayata, tunda an san haka tun 1990, hukuma ta yi wani abu kuwa?

Malam Ɗanjuma: An ma san wani abu kafin nan, ranka ya daɗe. Fred Kummerow na Jami'ar Illinois tun 1957 ya wallafa cewa ya samu wannan mai a jikin mutane, ya yi ta magana shekaru ba a saurare shi ba, har ya kai hukumar abinci da magunguna ta Amurka kotu a 2013 yana da shekara kusan ɗari. A 2015 hukumar ta cire man daga jerin abubuwan da ake ɗauka marasa illa. Ya rasu a 2017 yana da shekara 102. Denmak ce ta riga kowa, a 2003 ta kafa iyaka ta giram 2 cikin giram 100 na mai. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi daga abinci gaba ɗaya, kuma shawararta kada ya kai kashi 1 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wajen giram 2.2 ga babban mutum. A nan gida NAFDAC tana da dokar mai da kitse ta 2022 mai irin iyakar Denmak. Afirka ta Kudu ta riga mu tun 2011. Doka dai tana kama katan mai suna da adireshi. Bokiti marar rubutu wa za a tuhuma?

Mai Burodi Azare: Wannan ita ce maganar. Mu masu rajista ana zuwa a duba mu. A bi masu zuba wa a leda.

Maman Ilham: Likita, man tuya fa da ake maimaitawa? Masu awara da ƙosai a unguwarmu sai ya yi baƙi ƙirin ba su zubar ba, ƙari kawai ake yi. An ce shi ma tirans yake zama.

Dakta Rabi: Wannan fagen Malam ne Yaya, amma abin da na sani, tirans ɗin da tuya ke haifarwa kaɗan ne in an gwada da na masana'anta. Illarsa ta fi zuwa daga ƙonewa da lalacewar da iska ke yi masa. Kuma kin tuna min. Alhaji, botar da ta daɗe in ta lalace tana cinye bitamin E da ke cikin haɗin abinci, shi kuwa yana cikin masu kare hanta. Ka shinshina ta. Sannan tunkuzarka, daga ina, kuma a ina kake ajiye ta? Gyaɗa da masara in sun sha danshi suna yin fumfuna mai fitar da dafin afalatoksin, shi kuma hanta yake nufa kai tsaye, ya sa ta rawaya da laushi kamar yadda ka faɗa. Da tsuntsayen kiwo aka fara gane shi ma, a Ingila a 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu bayan cin garin gyaɗar da aka kawo daga Birazil. Ruwa ba ya tsami banza, amma a nan ina ganin hannu ya fi ɗaya. Gobe da safe ka kawo min kaza biyu da ba su daɗe da mutuwa ba, da kwano guda na haɗin, da tunkuzar dabam, da botar a cikin bokitinta. Daga yau ka daina zubawa.

Baban Sadiq: In sha Allahu Likita, ƙarfe takwas ina wajenki. Na gode ƙwarai jama'a.

Baban Sadiq: Salamu alaikum. Na dawo da bayani. Likita ta feɗe su a gabana, ta nuna min inda hantar ta tsage da kaurin kitsen ciki, ya kai yatsa biyu. Bokitin babu rubutu ko ɗaya, na koma wajen wanda ya sayar min ya ce katan ɗin an daɗe da yar da shi. Botar ta ƙasan bokiti tana wari, ni ban taɓa lura ba don ta sama nake shinshinawa. Tunkuzar kuma buhu biyu na jikin bango sun yi kore-kore daga ciki, tun damina suke nan ashe. Ta ɗebi samfur za ta aika a auna. Ta sa na rage masara, na ƙara dusar alkama, na koma man waken suya ɗan kaɗan, ta rubuta min kolin, sinadarin da ke taimaka wa hanta fitar da kitse, da bitamin E a ruwan sha. Na sa an shimfiɗa zana a kan kwanon, ana canza ruwa sau uku a yini. Jiya ɗaya ta mutu, yau babu.

Dakta Rabi: Kada ka saki jiki tukuna Alhaji, hantar da ta yi sati shida tana tara kitse ba ta saukewa a kwana uku. Za a iya rasa wasu. Kada a kore su ko a firgita su da rana, kuma abinci da sassafe da yamma, ba tsakar rana ba. Buhunan nan biyu a ƙona su, kada a ba wa awaki, dafin yana fita a nono.

Malam Ɗanjuma: Alhamdu lillahi. Likita in da hali a ajiye ɗan botar a kwalba cikin firji. Ina so in nemi inda za a auna mana yawan tirans ɗin da ke ciki, don in ta haura iyaka to ba kaji kaɗai suka ci ba, burodi aka yi ta yi da ƴar'uwarta ana sayar wa mutane.

Baban Sadiq: An ajiye Malam. Saura bokiti biyu da rabi. Wani yaro ya ce in ba shi ya kai wa masu tuyar fanke, na ce a'a, abin da na ƙi wa kajina ba zan sa a bakin ƴaƴan mutane ba. To ya zan yi da ita? Zubarwa?

Malam Ɗanjuma: Kada ka zubar. Sabulu za a yi da ita. Kamfanin da ya fito da Crisco ma asalinsa na sabulu da kyandir ne, neman mai mai tauri na sabulu ya kai su ga wannan dabara. Soda ba ta damu da gwiwa ko miƙewa ba, warin ma turare zai rufe shi.

Maman Ilham: Alhaji akwai maƙwabciyata a Fadaman Mada, mijinta ya rasu, sabulun wanki take yi tana riƙe marayu huɗu. Kullum kukanta tsadar mai. In ka amince in turo ɗana da Keke Napep ya ɗauko.

Baban Sadiq: Ki turo shi bayan La'asar Hajiya, ba sai ta biya komai ba. Ya tsaya a bakin gona ya kira ni, kada ya shigo wajen kajin.